Murfin Baƙin Mai Uku a Mota Ɗaya: Wanda Na Jefar da Wanda Na Riƙe

Ƙauri ne ya fara tona asirin. Duk sanda na tsaya a cunkoso na kunna fankar cikin mota, sai in ji wani wari na shigowa, ba na wayar da ta ƙone ba, ba na birki ba, irin na baƙin mai ne idan ya taɓa ƙarfe mai zafi. Uwargida ce ta fara magana. Ta ce, "Baban yara, motar nan fa ƙauri take yi." Na ce mata hayaƙin babbar motar da ke gabanmu ne. Washegari muka fita ba kowa a gabanmu, warin na nan. Ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, kallon kuwa ya wadatar.

Motar Toyota Prius ce ƙirar 2012, zubi na uku, mai injin lita 1.8 da ake kira 2ZR-FXE. Hayibirid ce, wato mai tafiya da injin fetur da kuma batir. Na hannu na saye ta. Da na ɗaga bonet da yamma na haska tocila, sai ga wani zobe na ƙura mai laima ya kewaye murfin da ake zuba baƙin mai, daga nan kuma wani siririn layi ya gangara ta baya, ɓangaren da bututun salansa yake fita daga inji. Na kwance murfin na juya shi. Robar da ke ƙarƙashinsa ta lafe, ta bushe ƙayau, na danna ta da farce ko alamar shiga bai yi ba, a wuri ɗaya ma ta tsage. Ban ga laifin kowa a nan ba. Robar da ta shekara sama da goma tana shan zafi da sanyi ta gama nata aikin.

Abin da ya biyo baya kuwa laifina ne ni kaɗai. Na hau intanet neman murfi, sai idona ya faɗa kan wani na alminiyum, ja jawur, an yi masa tsaga-tsaga a gefe kamar kayan motar tsere, yana ƙyalli a hoto. Mai sayarwa ya rubuta cewa yana shiga motoci iri-iri, ya jero sunaye har sai da na gaji da karantawa. Da ya iso, ledar da ya zo a ciki ba sunan kamfani, ba lamba, ba komai. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya dakata. Ni dai na ɗaura, na ja baya na kalle shi a kan baƙin injin, na ji daɗi a raina. Kyan ɗan maciji ne ashe.

Wata huɗu ya yi a motar. Daga baya na sayi na asali, baƙin roba mara ado, wanda yanzu ya shiga wata na tara, ya ga juye biyu. A kan waɗannan biyun zan yi magana, amma sai an fahimci aikin murfin tukuna, domin ni ma rashin fahimtarsa ne ya kai ni.

Yawancinmu mun ɗauka murfin nan marufi ne kawai irin na kwalba, don kada mai ya zube. Hana zubar mai yana ciki, amma ba shi ke nan ba. Duk sanda fetur ya ƙone a saman fistan, akwai ɗan hayaƙin da ke silalewa ta gefen ringi ya sauka cikin inji, inda baƙin mai yake. A motocin da can, wani bututu ne ke fitar da shi waje ya bi iska. Tun farkon shekarun 1960, daga jihar Kalifoniya ta Amurka, aka fara sauya tsarin: aka sa wani ɗan bawul da ake kira PCV, wanda ke zuƙo hayaƙin nan ya mayar da shi inji a sake ƙona shi. Ke nan cikin injin mota na zamani rufaffen ɗaki ne, iska na shiga ta ƙofa ɗaya tana fita ta ƙofa ɗaya, kuma wadda ke shiga ta riga ta wuce ta gaban na'urar da ke auna iska kusa da filta. Da wannan awon ne kwamfutar mota ke sanin yawan fetur ɗin da za ta fesa, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. To idan robar murfi ta bar kafa, iskar da ba a auna ba za ta riƙa shiga ta nan. Lissafin kwamfuta ya karkace, iska ta fi fetur yawa, silo ya fara rawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙura ma ta wannan kafar take bi ta sauka kai tsaye kan kamshaf.

Aibin jan murfin na farko, hannuna ne ya gano shi. Na dawo daga doguwar tafiya, na huta kamar minti goma, na ce bari in leƙa mai. Ina kama shi na sake shi da salati. Alminiyum na ɗaukar zafi ya miƙa shi fiye da roba sau ɗaruruwa, shi ya sa ake yin lagireto da shi. Abin da ya dace da lagireto bai dace da wurin da mutum zai sa yatsa ba. Na kwana biyu da ja a babban yatsa da manuni. Daga ranar sai da tsumma nake taɓa shi, tsumman kuma yana zamewa a kan fentin nan mai santsi.

Na biyu tiredi ne, wato zanen da murfi ke bi yana murɗawa har ya ɗauru. Saman injin motar nan shi ma alminiyum ne, kuma alminiyum biyu idan suka gogi juna ba sa shiri, suna cin juna. Tun ranar farko na ji bai shiga da sulɓi ba, akwai ɗan ƙiƙi-ƙaƙa a zagaye na ƙarshe. Na ce sabo ne, zai saba. Bai saba ba. A wata na biyu na ga wani toka-toka mai ƙyalli a jikin tsumman da na goge bakin wurin da shi. Garin ƙarfe ne, kuma duk wanda bai manne a tsumma ba, sai dai ya gangara cikin mai. Wannan ya fi ƙunar yatsa tayar mini da hankali. Murfin roba idan aka ɗaura shi a karkace, shi ne ke lalacewa, a jefar a sayi wani. Na ƙarfe kuwa yana iya tafiya da tiredin saman injin, a nan kuma maganar ta wuce ta murfi.

Na uku shi ne ya kai ni gareji. Wata safiya fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Bakaniken da nake kai wa dattijo ne, ya fara aiki tun zamanin kafireta, amma bai tsaya a can ba, ya koyi aikin motocin lantarki da girmansa. Ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ta nuna P0171, wato iska ta rinjayi fetur. Ya ce abubuwa da yawa na kawo wannan lamba: na'urar auna iska ta yi datti, tiyo ya tsage, famfon fetur ya yi rauni. Murfin mai ba shi ne farkon abin zargi ba. Amma yana ɗaga bonet ya ga jan abin nan, sai ya tsaya.

"Malam, wa ya sa maka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To madalla." Irin madallar nan da ba yabo ba ce.

Ya kwance shi da tsumma ya juya. Robar da ta zo da shi ta kumbura ta yi laushi tuɓus, ta fi ramin da aka yi mata girma, gefe ɗaya ya fito waje, tiredi ya datse shi. Ya ciro ta ya ɗora a tafin hannuna, ta yi lanƙwasa kamar an jiƙa igiya. Ya ce ba kowace baƙar roba ce ke jure man inji ba, ko da a ido duk iri ɗaya suke. Daga baya na bincika na ga gaskiyarsa. Akwai wadda ake kira EPDM, ita ake sa wa famfon ruwa da tiyon lagireto, tana jure ruwa da zafin rana, amma da ta haɗu da man da aka samo daga fetur sai ta sha ta kumbura. Akwai NBR, wadda ke zama lafiya da mai har zafi ya kai wajen digiri 100 zuwa 120. Akwai FKM, wadda aka fi sani da sunan Viton, tana kai wa wajen digiri 200. Wanda ya ƙera jan murfin ya kashe ƙoƙarinsa a fenti da tsaga-tsaga, ya zo wurin da aikin yake ya sa abin da ya samu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan kam ta yi man, amma a waje.

A ranar ne kuma na ga abin da ya sa nake cewa mai motar hayibirid ya bambanta da sauran masu mota a kan wannan ɗan murfi. Yaron shagon, sabon shiga, ya ji motar shiru sai ya ɗauka a kashe take. Ni ne na bar ta a kunne don Baba ya karanta na'urarsa. Murfi na hannun Baba, bakin mai a buɗe, yaron ya kawo mazurari zai ɗora ke nan sai injin ya tashi da kansa. Mai ya yi tsartuwa, ya ɗiga a gaban rigarsa da haɓarsa, ya yi baya har ya taka sifana. Baba bai ɗaga murya ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gefen direba, ya nuna masa koren rubutun nan na READY a dashbod. Ya ce, "Yaro, muddin ka ga wannan, motar a farke take. Shirun da ka ji ba barci ba ne." Haka abin yake. Idan READY na kunne, kwamfuta na iya tayar da inji a kowane lokaci, ko don cajin batir ya yi ƙasa, ko don inji ya huce tana son ɗumama shi, ba ruwanta da ko hannun wa ke ciki. Injin wannan zubin ma ba shi da bel ko ɗaya a waje, famfon ruwansa na lantarki ne, don haka babu abin da ido zai gani yana juyi ya gargaɗe ka. Kafin a taɓa murfin mai, a danna maɓallin kashewa, a ga dashbod ya yi duhu. Ni har makullin nake sawa a aljihu in matsa da shi. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke gefen inji kuwa ba na ko jingina gwiwar hannu a kansu. Batirin motar volt 201.6 ne, kuma na'urar da ke gefen injin tana ɗaga shi har zuwa 650.

Akwai aibi na huɗu da ban lura da shi ba sai da Baba ya faɗa. Jan murfin ba a rubuta komai a kansa ba. Na asali kuwa an rubuta nau'in man da injin ke sha, 0W-20. Mutum zai ce ai yana cikin littafin mota. Wa ke buɗe littafi a lokacin juye? Wanda ke riƙe da galan murfin yake kallo. Motocin hayibirid kuwa man su siriri ne, kuma kullum ƙara sirancewa yake: zubi na biyu na Prius 5W-30 aka rubuta masa, na uku 0W-20, wasu sababbin injinan Toyota tun wajen 2018 suna shan 0W-16, yanzu har akwai masu shan 0W-8. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake. Injin da ke tashi ya mutu sau da dama a tafiya ɗaya yana buƙatar man da zai haura sama nan take, ba wanda zai tsaya jan ƙafa ba. Ka cire rubutun nan daga saman inji, ka cire tunatarwa ta ƙarshe da ke tsakanin motarka da mai kauri da wani zai zuba da kyakkyawar niyya.

Baba ya ce kada in sake sayen murfi da ido. In ba mai sayar da kayan asali lambar jikin motar, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, shi ya fitar da wanda ya dace. Haka na yi.

Sabon ya zo cikin leda mai lambar kaya. Babu abin burgewa a jikinsa: baƙi ne, mara nauyi, da wurin kamawa da ya cika yatsu uku. Na juya shi na danna robar da farce, ta shiga ta dawo. Ta zauna daram a raminta, na gwada zare ta da yatsa ta ƙi, sai da ɗan ƙoƙari. Na shafa mata ɗigon sabon mai, na ɗora, na ɗan juya shi baya har na ji tiredi ya faɗa gurbinsa, sannan na ɗaure. Ya tafi sumul ba ƙara, ya zo ƙarshe ya tsaya da wani laushi, irin na roba ta taɓa ƙarfe ta matsu. Wannan tsayawar ita ce ban taɓa ji a jan murfin ba. Shi kullum ji nake kamar da saura, in ƙara matsawa, ashe robar nake yanka.

Gwajin da na yi mai sauƙi ne. Na wanke kewayen wurin tas, na goge layin man da ya gangara baya, na yi mako ɗaya ina hawa. Ranar ta bakwai na zagaya gindin murfin da farar takarda mai laushi. Ta fito a bushe, sai ƙura kawai. Na sake bayan wata ɗaya, haka. Ƙaurin ya ɗauki kwana uku kafin ya ɓace gaba ɗaya, saboda ragowar man da ya riga ya zuba sai da ya ƙone. Fitilar inji da Baba ya goge ba ta dawo ba har yau. Bayan tafiyar awa biyu ina iya kama shi da hannu, da ɗumi amma ba ƙuna.

Ba zan ce ba shi da abin ƙorafi ba. Ba ya yin ƙas idan ya ɗauru, kamar yadda murfin tankin fetur ke yi, don haka wanda bai saba ba zai iya wuce gona da iri. Ba shi da igiyar da ke riƙe shi a jikin inji, kuma baƙin abu a cikin baƙin inji da daddare, in ka ajiye shi a gefe sai ka neme shi. Ya kuma fi jan murfin tsada, ko da yake idan na haɗa da abin da na biya a gareji, araha ba ta yi mini ado ba. Amma abin da ya fi ba ni haushi ba laifinsa ba ne. Sai da na karɓe shi mai kayan yake gaya mini cewa ana sayar da robar ita kaɗai. Tsohon murfina na farko lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba, tiredinsa garau. Robar kawai ta mutu. Da na san haka, da zoben roba ɗaya ya raba ni da duk wannan zagaye. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Saura maganar da ta fi tsorata masu irin motar nan, ni ma ta hana ni barci dare guda. A lokacin sanyi, ina cikin wata na uku da sabon murfin, na buɗe sai na ga wani abu fari-fari mai ɗan ruwan ƙasa ya manne a cikinsa, mai kauri kamar man shafawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bakanike ya san abin da ake cewa idan an ga wannan: gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Na ga irinsa a jan murfin ma, har ya fi yawa, amma a lokacin na ɗora wa murfin laifi. Yanzu ga shi a na asali. Da sassafe na kira Baba.

Tambayar da ya fara yi mini ba ta inji ba ce. Ya ce, "Daga gidanka zuwa wurin aiki minti nawa ne?" Na ce bai fi goma ba, in na sauke yara a makaranta. Ya ce, "A cikin goman, minti nawa injin ke aiki?" Na yi shiru ina lissafi. Wataƙila rabi.

Ga yadda abin yake. Ƙonewar fetur na haifar da ruwa, kuma ba kaɗan ba: lita ɗaya ta fetur na fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa da safe. Kaɗan kuma yana bin hayaƙin nan da ke silalewa ta gefen ringi ya shiga cikin inji. Idan inji ya yi zafi sosai ya daɗe a haka, ruwan na komawa tururi, bawul ɗin PCV ya zuƙe shi. Idan kuwa bai yi zafi ba, tururin na neman wuri mafi sanyi ya kwanta, kamar yadda numfashi ke kwanciya a gilashi. Wuri mafi tsayi kuma mafi saurin hucewa a inji shi ne cikin murfin mai. A nan raɓar ke haɗuwa da ɗigon mai su dunƙule su zama wannan farin abu. Kowace mota mai gajeren zango na iya yin haka, amma hayibirid ta fi, domin abin da ake yabonta da shi shi ne ke jawo shi: tana kashe inji a danja, tana kashe shi a gangara, tana tafiya da batir a cunkoso. Ruwan lagireto na iya kai zafin aikinsa na digiri 80 da wani abu, amma baƙin mai ya fi shi jinkirin ɗumama, kafin ya kai an iso an kashe. Masu ƙera motar sun san da wannan, shi ya sa a zubi na uku suka sa tsarin da ke ɗebo zafin salansa ya ɗumama ruwan inji da wuri. Yana taimakawa, amma ba zai mayar da tafiyar minti goma ta zama ta awa ɗaya ba. A ganina shi ya sa jan murfin ya fi tarawa: ƙarfen da ke saurin ɗaukar zafi shi ne kuma ke saurin sakinsa, tsaga-tsagan nan na ado suna ƙara masa shan iska.

Baba bai ce in kwantar da hankali haka kawai ba, ya sa ni dubawa ina riƙe da waya. In zaro geji, wato sandar auna mai, in goge in mayar in sake zarowa: man na jikinsa garau ne ko ya yi fari? Garau ne, ruwan zuma mai duhu. In duba robar ruwan lagireto da inji a sanyaye, kuma in tabbatar ta inji nake kallo, domin motar na da biyu, ɗaya ta inji, ɗaya ta na'urar lantarki. Ruwan na kan layinsa. Ya ce in sa alama da biro in sake dubawa bayan mako. Ya tambaya ko injin na kakkarwa da ƙara idan ya tashi da safe, ko farin hayaƙi mai kauri na ci gaba da fita bayan mota ta yi zafi. Babu ko ɗaya. Ya ce, "To goge murfinka, ka hau babban titi ka yi minti arba'in ba tsayawa, ka dawo ka gaya mini." Na yi. Bayan mako na buɗe, cikin murfin baƙi ne mai sheƙin mai, alamar biro kuma tana daidai da ruwa. Da ruwan ya ragu, ko gejin ya yi fari, da magana ta canza, kuma ba a jira da irin wannan.

Tun daga nan na rage tazarar juye. Littafin irin motar da aka sayar a Amurka ya ba da mil 10,000 ko shekara ɗaya da man 0W-20, wato wajen kilomita 16,000, amma ya rage zuwa mil 5,000 ko wata shida ga mai bin hanyar ƙura, da mai yawan barin mota a kunne a tsaye, da mai gajerun tafiye-tafiye cikin tsananin sanyi. Da can ina ɗauka wannan sharaɗin na masu aikin wahala ne. Da na ga abin da ke taruwa a murfina, na sa kaina a layinsu ba tare da an roƙe ni ba.

Abin da nake yi yanzu bai kai minti uku ba, sau biyu a wata. Mota a kashe, inji ya huce. Ina goge kewayen murfin kafin in buɗe, ba bayan na buɗe ba, domin ƙurar da ta taru a gindinsa jira take a ɗaga ta faɗa ciki. Ina juya shi in kalli cikinsa, in shinshina. In warin fetur ya yi ƙarfi, shi ma alama ce ta man da bai cika yin zafi ba. Ina danna robar da farce. Da tsumma mai tsabta kawai nake gogewa, ba fetur, ba ruwa, ba abin da zai bar zare. Da hannu nake ɗaurewa, ya tsaya in ɗan ƙara kaɗan in bari. Filaya ba ta da aiki a nan. In murfi ya ƙi buɗuwa, tsumma da haƙuri sun fi ta, in kuma sai da filaya yake daina yoyo, robar ce ta mutu.

Wata dabara da na gani a wurin Baba: in ya cire murfi, a kan maƙullin bonet yake ɗora shi, yadda bonet ba zai rufu ba sai an ɗauke. Mantuwa da murfi bayan juye ba sabon abu ba ne, kuma a hayibirid ta fi sauƙin faruwa, tunda kana iya fita daga gareji da batir, shiru, sai ka hau titi injin ya tashi ya yi wa cikin bonet wanka. Sai dai dabarar na son mai saukar da bonet a hankali. Yaron shagon ya taɓa sako shi daga sama a kan murfin wata mota, na ji ƙarar daga inda nake zaune.

Wanda murfinsa ke gumi, shawarata ya fara da robar, in ana samunta daban a irin motarsa. In jikin murfin ya tsage ko tiredinsa ya cinye, ya sayi na asali da lambar motarsa, ya duba rubutun man da ke kansa ya yi daidai da na littafinsa, domin murfi biyu na iya shiga rami ɗaya alhali rubutunsu daban. Na alminiyum mara suna kuwa ban ba kowa shawararsa ba, ko da kyauta ne.

Tsohon murfina na farko na saya masa sabuwar roba, yana cikin leda a but kusa da jak, saboda ranar da wani zai manta da na kan injin a wani wuri. Jan kuma ƙaramin ɗana ya ɗauke, na wanke masa shi da sabulu, yana murza shi a kan tebur yana juyi. A wannan aikin kam ban ga aibinsa ba.